Rijiyar Gidanmu

Ranar da aka raba mana batutuwan furojet, addu'ata ɗaya ce: Allah Ya ba ni wanda ba zai ci kuɗi ba. Duk ɗan ajin ƙarshe ya san yadda aljihu yake a wannan zangon, ga kuɗin taifin, ga na bandin, ga handawut da ba ya ƙarewa. Da na ga an rubuta mini binciken ingancin ruwan rijiyoyin unguwa guda, sai na ce alhamdulillahi, faɗuwa ta zo daidai da zama. Akwai rijiya a tsakar gidanmu a cikin birnin Kano, ko kuɗin adaidaita sahu ba zan kashe ba wajen ɗebo samfur na farko.

Kakana ne ya sa aka haƙa rijiyar tun kafin a haifi Abbanmu. Bayan rasuwarsa, Hajiya kakarmu ta kafa doka cewa ba a rufe ƙofa ga duk wanda ya zo da bokiti, domin rijiyar sadakatul jariya ce ta mamacin. Da yake famfon unguwarmu ya fi yawan kwana a bushe, da sassafe za ka tarar da yaran maƙwabta sun yi layi tun daga soro. Ruwanta garai-garai ne, ga sanyi, kuma ko a tsakiyar bazara ba ta ƙafewa. Shi na sha na girma. Saboda haka da na sa ta cikin rijiyoyi shida da zan gwada, a zuciyata ita ce zakaran gwajin dafi, wadda zan nuna wa sauran yadda ruwa mai kyau yake.

Kafin na shiga wannan fanni, na ɗauka wani kogi ne ke gudu a ƙarƙashin ƙasa. Ashe ba haka ba ne. Ruwan sama ne ke tsattsafewa ya cika 'yan ƙofofin da ke tsakanin yashi da tsagogin duwatsu, kamar yadda soso ke riƙe ruwa. Yana tafiya, amma a hankali ƙwarai, sau da yawa ko mita ɗaya ba ya ci a yini. A Kano muna zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, kuma rijiyoyin gida suna sha ne daga ruɓaɓɓen ɓangaren da ke samansa, wanda ba shi da nisa da inda muke takawa. Ƙasa takan tace ƙazanta yayin da ruwa ke ratsa ta, amma tana buƙatar tazara da lokaci. In tazarar ta gaza, abin da aka zuba a sama shi za a ɗebo a guga.

Aikin kansa ba wani sihiri a ciki. Za ka dafa kwalabe a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta ta lab, ka ɗebo ruwan da safe, ka sa cikin kula mai ƙanƙara, ka kai lab cikin 'yan sa'o'i kafin abin da ke ciki ya sauya. A can za ka tace mililita 100 ta wata siririyar matata, ka ɗora ta kan faranti mai abincin ƙwayoyin cuta, ka sa a inkubeta mai zafin digiri 44 ya kwana. Washegari kowane ɗigo da ya tsiro ka ƙirga shi. Abin da ake farauta shi ne E. coli da danginsa, ƙwayoyin da gidansu hanjin mutum da dabba ne. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a sami ko ɗaya a mililita 100 na ruwan sha. Sai kuma gwajin sinadarai irin su naitiret, wanda iyakarsa miligiram 50 ce a lita guda.

Da na buɗe inkubeta, farantin da na rubuta wa lamba ɗaya ya cika maƙil, ɗigon sun haɗe har ba sa ƙirguwa. Na ce lallai ni na yi kuskure, wataƙila hannuna ya taɓa bakin kwalbar. Na sake ɗebowa, na sake gwadawa, sakamakon bai canza ba. Naitiret ɗin ma ya haura iyaka. Na kai wa malamin da ke duba aikina, ina jiran ya ce injin ne ya lalace. Ko kallon takardar bai gama ba ya ce, "Taku nawa ne tsakanin rijiyar nan da masai?"

Da yamma na je gida na taka. Taku tara. Shawarar da masana tsaftar muhalli suka fi bayarwa ita ce mita 30, kuma gindin ramin masai ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa ya tsaya. Gidanmu gaba ɗayansa bai kai mita 30 ba. Bayan katangarmu akwai sokawen maƙwabta, gaba kaɗan kuma tsohon kududdufin da aka cike da shara aka yi gini a kai. Na roƙi wani abokina ɗan sashen safiyo ya zo da na'urarsu, muka auna tudun bakin rijiyoyi uku da zurfin ruwan kowacce. Da maki uku ake gane inda ruwan ƙasa ya nufa, kuma lissafin ya nuna daga ɓangaren kududdufin yake gangarowa wajenmu.

A daren nan na tuna ƙanena, wanda kusan kowace damina sai an ɗaura masa ruwa a kyamis, a ce taifod ce. Ba zan rantse cewa rijiyar ce ba, domin yaro yana cin abubuwa da yawa a waje. Amma dai ruwa ba ya tsami banza.

Abin kunyar da zan faɗa muku shi ne, mako guda na yi ban gaya wa kowa ba. Sai in sayo fiya wata in ɓoye a ɗaki, ina kallon yara suna layi da bokitai. Ina tsoron fuskar Hajiya, ina kuma tsoron a ce gidanmu ne ke raba wa unguwa ciwo. Abin da ya buɗe mini baki shi ne ranar da na ga matar Yayana tana dama wa jaririyarta 'yar wata uku madarar gwangwani da ruwan rijiyar. Ta tafasa shi, ta yi iya abin da ta sani. Amma tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta cire naitiret, hasali ma in ruwan ya ƙone ya ragu sai sinadarin ya ƙara kauri. Jarirai 'yan ƙasa da wata shida su ya fi yi wa illa, domin yana rage wa jininsu ƙarfin ɗaukar iskar numfashi.

Na sami Abba bayan sallar isha'i na shimfiɗa masa komai. Ya yi shiru can ya ce, "To, kai za ka gaya wa Hajiya da bakinka, ina zaune."

Hajiya ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Kai maigida, boko ce ta kai ka ga yi wa rijiyar kakanka ƙazafi? Shekara nawa ina shan ruwan nan? Launinsa bai canza ba, ɗanɗanonsa bai canza ba, ba ya wari. Ko a littafi ai ruwa mai tsarki ke nan."

Na ce, "Hajiya, alwalarki tana nan daram, ban taɓa ta ba. Maganar cikin jikanyarki nake yi. Jikinki ya saba, nata bai saba ba." Na nuna mata hoton farantin a waya. Ta daɗe tana kallo, ta ce a kira mata matar Yaya. Ba ta ce na yi gaskiya ba, har yau ma ba ta ce ba, amma daga ranar ba a sake ba jaririyar ruwan ba.

Da na zurfafa karatu don babi na biyu, sai na ga ashe labarinmu tsoho ne. A 1854 kwalara ta kashe mutum sama da 600 a wata unguwa a Landan, har likita John Snow ya bi gida-gida ya gano mafi yawansu daga famfon rijiya ɗaya suke sha, aka cire hannun famfon. Daga baya aka tarar da ramin ƙazanta yana yoyo dab da rijiyar. Mu ma nan a 2021 mutum fiye da 100,000 aka yi zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jihohinmu na Arewa ne suka fi jin jiki. Wani lokaci kuma ba mutum ne ya zuba gubar ba. A Tibiri kusa da Maraɗi, ruwan burtsatse mai zurfi ya zo da sinadarin fuloraid daga duwatsun ƙasa fiye da ƙima, yara da yawa haƙoransu suka lalace, ƙasusuwansu suka lanƙwashe. Ke nan zurfin burtsatse ba ya maye gurbin gwaji.

Gyaran ruwan ƙasa kuwa shi ne babban aiki. Akan zuƙo ruwan a tace shi shekara da shekaru, ko a binne shingen garin ƙarfe ko gawayi a hanyarsa don ya tsotse gubar, ko a ciyar da ƙwayoyin halittar da ke cinye man fetur. Duk suna cin kuɗi da lokaci. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya sami sinadarin benzin mai jawo ciwon daji a rijiyoyin Nisisioken Ogale har ninki 900 na iyakar da aka yarda da ita, ya kuma ce gyaran yankin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Mu da ke da masana'antun jima a Challawa da Sharaɗa da Bompai, inda ake aiki da sinadarin kuromiyam, bai kamata mu karanta wannan kamar labarin wata duniya ba.

A gidanmu mun yi abin da ƙarfinmu ya kai. Aka kira masu yasa suka yashe rijiyar, aka ɗaga bakinta, aka yi mata daɓen siminti mai gangara waje da murfi, aka ware guga ɗaya da ba ya taɓa ƙasa. Na zuba kulorin mai ƙarfi ya kwana, aka kwashe ruwan. Gwajin da na yi bayan nan ya yi kyau, na yi ta murna. Da ruwan sama ya sauka sosai na sake gwadawa, ɗigon suka dawo, naitiret kuwa dama ko gezau bai yi ba. Nan na gane cewa mun wanke bakin rijiya ne kawai, ruwan kuwa na unguwa ne gaba ɗaya, kuma gida ɗaya ba zai iya gyara shi ba.

Yanzu rijiyar ta wanki da wanka ce. Na sha ana tafasawa ko a sa masa kulorin, na jaririya kuma daga waje ake kawowa. Abba ya yi wa maƙwabta bayani a masallaci bayan asuba. Wasu sun gode, wani dattijo kuma ya ce yaran zamani ba sa rasa abin faɗa. Hajiya ba ta rufe ƙofa ba. Tana zama kan tabarmarta kusa da rijiyar, duk yaron da ya cika bokiti sai ta ce, "Ka ce wa uwarka ta tafasa."

'Yan'uwana ɗalibai, da yawanmu muna haya a gidajen bayan makaranta, inda mai gida ya haƙa rijiya da sokawe a fili ɗaya don ya sami wurin ƙara ɗaki. Yau in ka koma, taka ka ƙirga. Sannan ina roƙon ƙungiyar ɗalibai ta zauna da sashenmu a riƙa gwada ruwan waɗannan gidaje sau biyu a shekara, rani da damina, a liƙa sakamakon a allon sanarwa. Kayan aikin suna lab, masu neman batun furojet kuma ba sa ƙarewa. Kowace shekara ana yin irin wannan bincike, a yi masa bandin mai kyau, a jera a kanta ƙura ta rufe shi, mutanen da aka ɗebi ruwansu ko labari ba sa ji. Ni saura mako uku in kare nawa a gaban malamai, kuma akwai gidaje biyar da suka ba ni ruwan rijiyarsu da hannu biyu. Biyu na riga na koma musu da sakamako, ranar Asabar in sha Allah zan je sauran ukun.