Na sayi kaya kafin in san ruwa

Mai koyon nutso da tukunyar iska yakan zuba ido ne a kan manyan kaya: tukunyar kanta, da bututun shaƙa, da tabarau. Takalmi da safar hannu sai daga ƙarshe ake tuna su. Haka na yi lokacin da nake karatu a Masar, ina shirin zuwa Dahab, garin da ke gaɓar mashigin Aƙaba, reshen Bahar Maliya. Ban nemi shawarar kowa ba. Na shiga wani shago a Alƙahira na ɗauki safar hannu mai kaurin milimita 5, don a ganina kauri shi ne kariya. Na haɗa da takalmi mai laushin tafi wanda ya ɗan fi ƙafata, yadda muka saba saye a gida don ƙafa ta sake.

Takalmin ne ya fara tona mini asiri. A Dahab yawancin wuraren nutso da ƙafa ake shigarsu daga bakin gaɓa, mutum na ɗauke da kayan da sukan haura kilo 20, yana taka tsakuwa da kaifin dutse, ga bushiyar teku mai ƙaya a cikin ramuka. Irin wannan shiga sai takalmi mai taurin tafi. Nawa na masu sauka daga jirgin ruwa ne, don haka ina ɗingishi na isa inda ruwa ya ɗauke ni.

Girmansa kuma ya jawo wata matsalar. Ana yin waɗannan kaya da roba mai suna niyofirin, wadda cikinta ƙananan kumfar iska ne. Kumfar ce ke riƙe zafin jiki, amma sai kayan sun kama jiki, ruwa ya daina kai da komo a ciki. Ga shi kuma duk zurfin mita 10 da mutum ya ƙara, nauyin da ke danna shi yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar da ke doron ƙasa. Sai kumfar ta matse, robar ta sirance. Takalmin da yake sako-sako a tudu ya ƙara sakewa a ƙasa, fiffiken ninƙaya da ke ƙafata ya riƙa zamewa, dunduniyata ta saluɓe.

Wannan ciwo nawa ne ni kaɗai, kuma ya warke. Abin da safar hannun ta jawo shi ne har yau nake jin nauyinsa.

Tun kafin mu shiga, malaminmu na nutso ya ce in ajiye ta. Ruwan Dahab ko a tsakiyar hunturu yana wajen digiri 21 zuwa 22, irin wannan kauri na ruwan Turai ne. Na ce masa hannuna ba ya jure sanyi. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji kada wani abu ya taɓa ni.

A ƙarƙashin ruwa yatsu su ne baki, da su ake tambayar lafiya, da su ake cewa iska ta yi ƙasa. Da su kuma ake sarrafa rigar da ake hura wa iska don daidaita tashi da nutsewa. Maɓallanta biyu suna kusa da juna, ɗaya na cikawa, ɗaya na saki. Cikin wannan kauri ban ji bambancinsu ba. Na danna na cikawa alhali saki nake nufi, na ji ina yin sama. Tashi da gaggawa kuwa yana iya illata huhu. Na miƙa hannu na cafki abin da ke kusa, reshen murjani ne, ya karye a tafina. Ko ɗis ban ji zafi ba.

Da muka fito, malam bai yi faɗa ba. Ya ce, “Ɗan’uwa, da hannunka a buɗe yake, da ka kama shi?” Na ce a’a. Ya ce, “To, ka gani.”

Murjani halitta ce mai rai, wasu nau’o’insa santimita ɗaya ko biyu kawai suke ƙarawa a shekara. Hannun da ba a rufe ba yana tsoron kaifinsa, wannan tsoron ne ke sa mutum ya kame. Shi ya sa a tsibirin Bonaire da ke tekun Karibiyan aka hana masu nutso sa safar hannu a wurin da aka keɓe don kare halittun ruwa. Ni na saye ta don in tsare fatata, sai ta cire mini taka-tsantsan.

Safar hannu tana da muhallinta: ruwa mai tsananin sanyi, ko tsohon jirgi da ya nutse mai tsatsa, ko aikin ƙarfe a ƙarƙashin ruwa. Wanda zai saya ya fara tambayar sanyin ruwan da aikin da hannu zai yi. Ya sa ta a shago, ya ɗaura maɗauri ya kwance, ya danna maɓallan rigarsa ido a rufe. In ya kasa a tudu, a ruwa ma ba zai iya ba. Takalmi kuma shi ake fara saye, wanda ya kama ƙafa ba tare da ya lanƙwasa yatsu ba, sannan a gwada fiffike a kansa.

Ni dai na koma ruwa mara zurfi mai yashi, na yi ta koyon tsayawa cak da numfashina, hannuwa a naɗe a ƙirji, kafin na sake kusantar murjani. Wanda ya san ruwan ya faɗa mini gaskiya tun ina tudu, na fifita tsorona a kan saninsa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.