Rumbun tsufa

Ƴan uwa manoma, ma'aikaci ma yana da rumbunsa. A Nijeriya, bisa dokar 2014, kowane wata ana cire kashi 8 cikin 100 na albashinsa, mai wurin aiki ya ƙara 10, a ajiye masa don tsufa. Ba ya taɓa su kafin shekara 50, sai in ciwo ya kayar da shi ko aiki ya ƙare. Amma tun 2022 an yarda ya ɗebi kashi ɗaya cikin huɗu, yana bakin aikinsa, in gida zai saya da bashin banki.

Ɗan yayata yana aiki a Kano. Ya zo Maraɗi neman shawara: ƴaƴa biyar, haya ta ishe shi. Ni na fi son ya ɗeba, gida ba tuwon biki ba ne. Sai dai kuɗin nan juya su ake, suna haihuwa kamar tumaki, wanda aka cire kuwa ya bar haihuwa. Bashin banki kuma yana nan kowane wata. Na ce: "Ɗana, in aikin ya tsaya, wa zai biya?" Har yanzu bai sa hannu ba. Matarsa tana so su tare kafin damina.