Matar da gari ya ara daga gidanmu

A ƙasarmu ta Ɗambatta babu daji. Kafin ka daina jin dakan matan wannan ƙauye ka fara jin na ƙauyen gaba, tsakaninsu kuwa gonaki ne manne da juna, sai ɗorawa da gawo da kuka a tsattsaye. Gona ba ta hutawa a nan, taki ne yake riƙe da ita, wanda ake kai mata a mangala tun da rani. Inda mutane suka cunkushe haka kullum akwai mai naƙuda, akwai mai jinya, akwai gawa, kuma kowane gari yana da mace ɗaya ko biyu da ake aika yaro ya taso da tsakar dare. A namu garin Yaya ce, uwargidan Malam, wadda aka kawo ni amarya a kanta a shekarar farin 1973, muka zauna har Allah Ya karɓi abinSa.

Mutane suna mamaki idan kishiya ta yabi kishiya. To, ni ce na ga abin da gari bai gani ba, don ni ake bar wa tukunya.

Ungozoma ce, ta gada wajen gwaggonta, sai dai aikin nata bai tsaya a yankan cibi ba. Ita ke wankan gawar mata, ita ke zama da mai takaba a kwanakin farko, ita ake kira idan amarya ta yi yaji, kuma a hannunta adashen matan unguwa yake. Ba a taɓa naɗa ta komai ba. Da yake muna cikin kulle, Malam ya yi mata izini sau ɗaya wanda ya ɗauki har ƙarshen ransa. Ya ce, "In dai rai ne ko mutuwa, ki tafi, kada ki tashe ni." Ladanta goro ne da sabulu da ɗan kwanon hatsi ranar suna, wani gidan ma sai dai "Allah Ya saka".

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ta san inda iyawarta ta ƙare, kuma ba ta jin kunyar faɗi. Tsofaffi da yawa a wancan lokaci gani suke kai mace asibiti gazawa ce. Ita kuwa da ta ga naƙuda ta kwana ta wuni, ko jini ya ɓalle, ko mai ciki ta kumbura tana kukan ciwon kai, sai ta ce a nemo mota zuwa asibitin Ɗambatta. Matsalar ita ce maza. Da an gama girbi rabinsu sun tafi cin rani, wasu Kano, wasu har Ikko, sun bar mata da tsohon ciki, ba wanda zai iya cewa a fita da su. Sai ta ɓullo da dabara. Tun ana ɗaurin dawa take bin magidanta ɗaya bayan ɗaya ta bakin zaure: "Ɗana, kafin ka tafi ka faɗa a gaban mahaifiyarka cewa ka yarda a kai ta in ta kama." Kuɗin mota kuma tana ware shi daga adashe, a biya bayan suna. Wannan ɗan tanadi ya tsare 'yan mata da dama daga yoyon fitsari. Na san haka ne don na ga waɗanda ba a tanadar wa ba, na ga yadda ake shimfiɗa musu tabarma daban.

A kan wankan jego ma ta sauya ra'ayi da girmanta. Da ta ga yadda ruwan zafi da kunun kanwa suke kumbura wasu masu jego har numfashi ya gagara, sai ta fara sirka ruwan tana rage kanwar. Surukai sun yi ta gunaguni. Ba ta musu da kowa, sai dai ta ce, "Inna, bari mu gwada haka kwana uku."

Ita ba ta yi boko ba. Amma da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar yaƙi da jahilci a 1980, aji ya iso garinmu, ita ta tsaya wa Malam sai da ya bar ni na shiga. Ta ce, "Ƙanwata, ke je ki koyo mana, ni na riƙe yaran." Da wannan karatu nake duba mata katin awo, da shi kuma nake wannan rubutu. Daga baya wata malamar Islamiyya ta ba mu labarin jajis ɗin Nana Asma'u 'yar Shehu, dattijan matan da suke bin ƙauyuka suna karantar da 'yan uwansu. Yaya ta yi dariya ta ce ashe yawon nata da asali.

Sai maganar shan-inna. Matasan yanzu ba su san yadda aka yi ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, wani kamfanin ƙasar waje ya gwada magani a kan yara a birnin Kano, wasu suka rasu, wasu suka nakasa. Saboda haka da aka fara cewa ɗigon rigakafi yana hana haihuwa, kunnuwa a buɗe suke. A 2003 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da shi, ba a dawo ba sai a watan Yuli na 2004. Gwamnati ta dawo, amma zukata ba su dawo ba. An riƙa ɓoye jarirai a rumbu da bayan ɗaki. Kuma mutane suna da tambayar da ban ga laifinta ba har yau: zazzaɓi yana kashe mana yara, maganinsa sai da kuɗi, me ya sa wannan kaɗai ake bin mu da shi har gado kyauta?

Yaya ba ta da amsar wannan, kuma ba ta ƙirƙiro ba. Abin da ta sani shi ne ta ga yaran da ta yanke wa cibi da hannunta suna jan gindi. Ta sa aka ɗiga wa jikokinta a tsakar gida a gaban maƙwabta, sannan ta yafa mayafi ta shiga gaban ma'aikata. A wajen 2012 UNICEF ta ɗauki mata masu wayar da kai, aka ba su shuɗin hijabi da ɗan alawus. Ba a ɗauke ta ba, don aikin yana son mai cike takarda. Yaran da aka ɗauka kuwa, masu hankali ne, da kansu suka gane cewa gidan da ya rufe musu ƙofa yana buɗe wa Yaya. Wa zai kori matar da ta wanke gawar uwarsa? Yarda kamar takin gonarmu ce, ba ranar shuka ake zuba ta ba.

Ranar 8 ga Fabrairun 2013 aka harbe mata tara masu aikin rigakafi a birnin Kano. 'Ya'yanta suka taru suka roƙe ta ta zauna. Ta zauna har zagayen rigakafi ya dawo, ta ɗauki sandarta. A watan Yulin 2014 aka ga yaro na ƙarshe da ƙwayar shan-inna ta asali a jihar Kano, can ƙasar Sumaila, a watan Agustan 2020 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Afirka ta rabu da ita. Tare muka ji a rediyo, lokacin idonta ya tafi. An gode wa gwamnoni da sarakuna da attajiran duniya, kuma sun cancanta.

Ba zan ɓoye abin da wannan aiki ya ci ba, don masu yabo a wajen ta'aziyya ba sa faɗinsa. Ranar girkinta sau da yawa ni na yi. Gyaɗar da ta soya don ƙuli-ƙulin kasuwar Lahadi ta sha yin sanyi a turmi an kira ta. Babbar 'yarta ta taɓa ce mini, tana ƙarama, "Umma, ita Inna ta kowa ce?" Abin ya taɓa ni, don gaskiya ta faɗa. Da a ce ita kaɗai ce a gidan, ko da mun kasance masu kishin hauka, da garin bai samu Yaya ba. Duk macen da kuka ga tana hidimar jama'a, akwai wata a bayanta da take hura wuta. Ban faɗi haka don a gode mini ba, ita ma ta goya nawa takwas.

Yanzu jikarta tana makarantar ungozomomi ta Ɗambatta, za ta san abin da kakarta ba ta sani ba, kuma za a biya ta albashi. Haka ya kamata.

Amma sa'o'in Yaya ba su ƙare ba. Suna nan a Makoɗa da Kunci da Tsanyawa da Bichi, gwiwa ta ƙi, ido ya dushe, ba fansho, ba sunansu a kowace takarda. Yaya ta yi jinyar ƙarshe da kuɗin akuyarta. Ina kira ga dagatai da masu unguwanni, da ku 'ya'yanmu da kuke aiki a birni: idan kun zo gida da Sallah, ku tambayi iyayenku wace ce ta yanke muku cibi. In tana raye, ku je ku gaishe ta, ku tambayi maganin da take sha da wanda yake saya mata.