Shimfiɗar Ƙasa ta Tanti

Idan aka yi zancen tanti, hankalin mutane kan tafi wajen rufinsa da turakunsa da igiyoyinsa, gama su ne ido ke hangowa daga nesa. Abin da ake shimfiɗawa a ƙasa kuwa, ba safai a kan tuna da shi ba sai dare ya raba, sa'ad da sanyi ya fara shiga haƙarƙari. Mu da aka aika Danja koyon aikin koyarwa mun yi kwana da kwanaki muna muhawara a kan wannan ɗan abu, saboda haka muka ga ya kyautu mu rubuta wa 'yan'uwanmu ɗalibai da malamanmu abin da muka zaɓa da dalilin zaɓensa, ko Allah ya sa ya amfani waɗanda za a aika bayanmu.

Ga yadda abin ya taso. Shugaban makarantar da muka sauka ya danƙa mana 'yan sikawut 24, ya ce mu yi musu zango na kwana 3 a ƙarshen damina. Kwanan tanti shi ne tushen wannan ƙungiya tun ran da Baden-Powell ya kai yara tsibirin Brownsea a Ingila cikin 1907, ita kuwa ta shigo Nijeriya cikin 1915. Amma a shekarun nan ba mai hankalin da zai kwashi 'ya'yan mutane ya nufi daji da su a kudancin Katsina, saboda halin tsaro, don haka a filin makaranta aka ce mu kafa. Mun sami aron tanti 4, kowanne tsawonsa ƙafa 12, faɗinsa ƙafa 8. Rufinsu lafiya lau, amma daga ƙasa babu kome sai turɓaya. Ɗan kuɗin da ke hannunmu na abinci ne. Ana nan kuma sai wata tsohuwa ta aiko cewa jikanta yana da fuka, in ya komo gida da tari mu za ta tambaya. Wannan saƙo shi ya mai da maganar shimfiɗa babbar magana.

Wanda bai san Danja ba, sai mu gaya masa ƙasar lambu ce, ta rake da tumatir da albasa da masara, tana dab da iyakar Jihar Kaduna. Ruwan da kan sauka a wannan yanki na Funtuwa ya kan kai wajen milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba. Filin makarantarmu kuwa yana gangarawa fadama, ƙasarsa mai laka ce. Ita laka ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, ruwa kan bi tsakaninsu ya hau sama kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Da rana sai ka ga bisanta ya bushe ƙayau, ka aza tabarma, kafin asuba ka ɗaga ka tarar ƙarƙashinta sharkaf. Wannan ita ce masifa ta fari. Ta biyu, ƙasa tana jan ɗumin jikin wanda ya kwanta a kanta, jiƙaƙƙiya kuwa ta fi busasshiya ja nesa ba kusa ba. Ta uku gara, wadda ba ta bukatar a gabatar da ita ga kowa.

Da muka zauna shawara, abin da ya fara zuwa bakin kowa tabarmar kaba ce, domin a kanta aka raine mu. Lalle tana da kirki: iska tana maƙalewa cikin saƙarta, iskar da ba ta motsi kuwa ba ta barin ɗumi ya wuce da sauƙi. Amma ruwa ba ta hana shi ko kaɗan, ga shi kuma ita ce tuwon gara. Wani daga cikinmu ya tuna mana da buzu, ya ce mun manta da makarantar allo ke nan, da malaman da suka ci rani gari gari ba su da wani gado sai shi? Gaskiyarsa, ba abin da ya kai buzu ɗumi. Sai dai malam ɗaya ne da buzunsa ɗaya, mu kuwa yara 24 gare mu, kuma fata in ta sha laima ta kan yi wari, in ta bushe ta ƙandare.

Sa'an nan aka kawo zancen tamfol irin wanda ake rufe kayan mota da shi. Wannan ba mai musun ingancinsa. Dabarar hana ruwa ratsa yadi tsohuwa ce, gama tun cikin 1823 wani mutumin Sikotlan, Charles Macintosh, ya sa ɗanko tsakanin yadi biyu ya manne su. Da muka taya tamfol a kasuwa, sai muka ga kuɗin guda ɗaya zai cinye abincin yara, ga nauyi kuma wanda yaro biyu ba su ɗauka. Wani abokinmu mai son aikin hannu ya ce to, mu sayi yadin auduga mai kauri, tun da ƙasar Funtuwa ƙasar auduga ce, mu narka kakin zuma mu shafe shi kamar yadda mutanen da suka yi. Abin yana yiwuwa, amma kakin da zai game yadi mai wannan girma har guda 4 ba a wajen mai sayar da zuma ɗaya za a same shi ba. Da ya ce a musanya da man gyaɗa, malamin kimiyya na makarantar ya yi dariya, ya ce man gyaɗa ba ya cikin mayukan da ke bushewa su zama fata a jikin yadi, zai zauna da danƙonsa ne yana kiran tururuwa.

Saura leda. Ita ce ƙaramar cikinsu a shekaru, don sai cikin 1933 aka gano sinadarinta a Ingila, amma yau ba ƙauyen da ba ta kai ba. Ruwa ba ya ratsa ta, ba ta da nauyi, ba ta da tsada, kuma ba abincin gara ba ce. Laifinta rashin ƙwari. Kututturen kara ɗaya, ko ƙaya, ko tsakuwa mai baki, ya isa ya huda ta, huda ɗaya kuwa ta isa ruwa. Ba ta kuma tsare sanyi ko na anini, wanda ya kwanta a kanta tsirara zai farka cikin guminsa.

Wanda ya warware mana wani dattijo ne mai lambu kusa da makaranta, wanda kan kwana a bukka yana gadin tumatirinsa. Muka gaishe shi, muka ce, "Baba, kai me kake shimfiɗawa?" Ya ce, "Malamai, ku da kuka yi karatu? Ku ɗaga ku gani." Muka ɗaga tabarmarsa, sai ga leda, muka ɗaga leda, sai ga buhunan taki an farke an ɗinke wuri ɗaya, irin wanda manoman nan ke shanya kauɗar tumatir da masara a kai. Ashe mu muna ta neman abu guda wanda zai yi aiki uku, shi kuwa tuntuni ya raba wa abu uku aikin. Buhu yana ƙasa yana karɓar ƙaya da tsakuwa, leda tana tsakiya tana tsare ruwa, tabarma tana bisa tana tsare sanyi, gara kuma ba ta da hanyar isa gare ta.

Buhu kuwa ba kowanne ba. Na algarara, wato na rama, mun ƙi shi, domin yana shan ruwa, yana ruɓewa, gara na cinsa. Na roba saƙaƙƙe muka nema. A cikinsa ma mun yi zaɓe: na taki mun karɓa, gama taki yana narkewa cikin ruwa, wanki biyu da sabulu ya fid da shi sarai. Amma buhun da aka zuba irin shuka wanda aka rina da jan magani, da wanda aka ajiye wake da maganin ƙwari, waɗannan ko kyauta ba mu so, tun da fuskar yaro za ta kwana kusa da su. Muna roƙon wanda zai bi wannan dabara ya tsananta a nan, ya tambayi mai buhu abin da ya zauna a ciki, ya kuma sansana da kansa. Wanda ya daɗe a rana har ya fara gari in an murza, shi ma a bar shi, rana ta gama da shi.

Buhu mai cin kilo 50, in an farke gefe da gindi, ya kan ba da ƙafa 3 da 'yan kai a tsawo, faɗi kusan ƙafa 4. Takwas suka ishi tanti ɗaya, huɗu huɗu a jere biyu. Yara suka kawo 32 daga gidajensu cikin kwana biyu, ba wanda ya biya ko kwabo. Muka koya musu ɗinki da basilla da zaren buhu, ana aza baki bisa baki misalin inci 2, a bi sau biyu, a kalmashe gefe don kada ya zare. Ledar kaɗai muka saya, mai kauri, ba a kuwa ɗinka ta, gama kowane sukan basilla ƙofa ce.

Akwai wani abu wanda da wuya mutum ya yarda da shi sai ya gani, shi ne cewa shimfiɗar ta gaza tantin girma. Mun rage inci 3 a kowane gefe, ta zama ƙafa 11 da rabi a tsawo, 7 da rabi a faɗi. In ta leƙo waje ko da ɗan yatsa, ruwan da ke zuba daga rufi, ko raɓar asuba, a kanta zai sauka ya gangaro ciki, ledar da aka sa don ta tsare ruwa ta zama tasa tana tara shi ƙarƙashin masu barci. Bayan wannan muka share wurin, muka tsince ƙaya, muka haƙa 'yar lambatu kewaye da kowane tanti.

Daren na biyu aka yi ruwa, ba mai yawa ba, amma ya isa gwaji. Da safe muka bi tanti tanti muna shafa tabarmi, duk a bushe, sai kusurwa ɗaya inda wani yaro ya ja ledar waje da ƙafa cikin barci. Jikan tsohuwar nan mun ninka masa tabarma biyu, mun sa shi tsakiya, ya koma gida ba tari.

Har yanzu dai akwai saɓani tsakaninmu. Mutum biyu suna ganin in an sami buhu isasshe, gara a sa leda tsakanin buhu biyu a ɗinke gefe, ta zama abu guda wanda yaro ba zai iya ja ba. Sauranmu muna ganin in aka yi haka, ran da ledar ta huje ba mai sani sai an kwana cikin ruwa, kuma ba a iya shanya ta dabam. Shimfiɗun 4 suna nan a ɗakin ajiya na makarantar, an naɗe su an rataye inda rana da ɓera ba su kai. Waɗanda aka aika Danja baɗi sai su tambayi shugaban makaranta mabuɗi, su tafi da sabuwar leda, su gwada ɗaya ta hanyar abokan nan namu biyu, su rubuto wa wannan mujalla abin da suka gani.