Adon Kirsimati Da Fulawa Da Gishiri A Sabon Garin Keffi

Da zarar watan Disamba ya kama, duk wanda ya ratsa Keffi a kan hanyar Abuja zuwa Akwanga zai ga 'yan tireda sun baza kayan adon Kirsimati, watau ƙwallayen roba masu ƙyalli da taurari da ƙananan fitilu. Galibinsu daga ƙasar Sin ake kawo su, musamman daga wani birni wai shi Yiwu. To, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar Naira kuma ta faɗi, sai waɗannan kaya suka fi ƙarfin mai ƙaramin albashi.

Wannan ne ya sa wata malamar firamare da ke zaune a Sabon Gari, mai 'ya'ya uku, ta ƙudura cewa da hannunta za ta yi nata adon. Itacen ma ba ta saya ba. Busasshen reshen darbejiya ta samo, ta kafa cikin bokitin yashi.

Haɗin ba shi da wuya. Gwangwanin madara biyu na fulawa, ɗaya na gishiri, ruwa kuwa bai cika gwangwani ɗaya ba, ana zuba shi kaɗan-kaɗan. Ana murza kwaɓin kamar minti 10 har ya daina kama hannu, sa'an nan a shimfiɗa shi da kwalba, kaurinsa kada ya wuce rabin santimita. Da bakin kofi ake fitar da masu kewaye, tauraro da kifi kuwa sai da wuƙa. Kada a manta a huda kowanne da tsinke tun yana ɗanye, gama in ya bushe ba ya huduwa, fashewa yake yi, ga shi kuwa ta nan zare zai shiga.

Gishirin shi ne sirrin abin. Shi ke tsotse ruwa ya hana kwaɓin yin tsami ko fumfuna, shi ke sa ya taurare kamar tsakuwa. Jihar Nasarawa kuwa ba baƙuwar gishiri ba ce, don matan Keana da Awe sun gaji dafa shi tun kaka da kakanni. Sai dai in gishirin mai tsakuwa ne, tilas a daka shi a turmi ya yi laushi, in ba haka ba adon ya fito da ƙuraje. Turawa a tanda suke gasa nasu da wuta kaɗan na awoyi da dama. Malama ba ta da tanda, amma tana da hunturu. Ta jera su a faranti a inuwa, tana juya su safe da yamma, cikin kwana huɗu iska ta gama aikinta. Waɗanda yara suka kai rana don gaggawa duk sun lanƙwashe, wasu sun tsage.

Ba a rasa mai tsayayya ba. Surukarta, tsohuwa mai yawan tsimi, ta tarar da ita tana kwaɓi na farko, sai ta tsaya ta ce, "'Yar nan, abinci ne fa wannan. Fulawar cincin ɗin yara ce za ki zuba wa gishiri ki rataye a itace?"

Malama ta sunkuyar da kai ta ce, "Mama, gwangwani biyu ne kacal."

Tsohuwa ta ce, "Gwangwani biyu ai karin kumallon gida ne."

Mai karatu kada ya yi saurin ganin laifin tsohuwa. Tana nan da wayonta a 1987, sa'ad da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama, burodi ya yi tsada, ya kuma ƙanƙance. Wanda ya ga wannan zamani ba ya kallon fulawa a matsayin abin wasa. Har yau ma mafi yawan alkamar da ake ci a ƙasar nan daga waje ake sayo ta, saboda haka maganarta tana da nauyi.

Abin mamaki shi ne, asalin al'adar ma da abinci aka soma ta. A Jamus, inda aka fara kafa wannan itace a ƙarni na 16, tuffa da gyaɗar Turai da ɗan abin gashi ake ratayawa, bayan biki yara su cinye. Ƙwallayen gilashi sun zo ne daga baya, daga garin Lauscha, al'adar kuma ta bazu sosai bayan da wata jaridar Landan ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da iyalinta kewaye da itacensu a 1848. Bambancin kawai, na Jamusawa ana ci, na malama kuwa ko akuya bai kamata ta taɓa ba, don gishirin da ke ciki yana iya cutar da dabba ko ƙaramin yaro.

Malama ba ta ja da surukarta ba. Ta je wurin wata mai tuyar fanke a unguwar ta roƙi tsohuwar fulawa wadda ƙwari suka shiga, wadda dā ma zubarwa za a yi, ta tankaɗe ta da rariya. Kwaɓin bai bambanta da na sabuwa ba. Da tsohuwa ta ga haka sai ta jawo kujera, ita ce ma ta kawo shawarar a rina wasu da ruwan zoɓo, wasu da bular wanki.

Yaran maƙwabta Musulmi su ma sun shigo, amma su ba ruwansu da taurari. Shanu da raƙuma suka gina, irin waɗanda aka saba yi da laka a bakin rafi, suka tafi da abinsu gida.

Abokin gabar wannan ado shi ne damina. Gishirin da ya tsotse ruwan kwaɓi a hunturu, shi ne kuma zai jawo laimar iska in ruwa ya sauka a watan Afrilu ko Mayu, sai ka ga tauraro ya yi laushi ya tsinke daga zarensa. Don haka bayan Sabuwar Shekara malama ta zaɓi goma sha biyu mafi kyau, ta shafe su da man ƙyalli na kafintoci gaba da baya, ta rufe su cikin gwangwani mai marfi tare da ɗan ƙwayar shinkafa. Sauran ta bar wa yara.