Ziyara Zuwa Tafkin Kainji: Abin Da Na Gani Cikin Ɗigon Ruwa

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Cikin hunturun bana ne na bi hanyar Jebba zuwa Mokwa, daga nan na ratse yamma har na isa Sabuwar Busa, a bakin Tafkin Kainji. Niyyata da farko in ga madatsar ruwan nan da ke ba ƙasarmu lantarki, in kuma ji halin da masunta ke ciki. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai bayan na komo gida, wata 'yar halitta ce wadda idon mutum ba ya iya ganinta.

An fara ginin madatsar a shekarar 1964, aka gama a 1968. Da aka tare Kogin Kwara, sai ruwa ya ja da baya ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya ratsa ƙasashen Borgu da Yawuri, watau jihohin Neja da Kebbi na yau. Fiye da mutum 40,000 aka sake wa matsuguni. Tsohuwar Busa, inda Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806, tana can ƙarƙashin ruwa.

Washegari da sassafe na gangara bakin tafki. Hazo ya rufe ƙetare, jiragen masunta suna ta dawowa, mata kuwa suna jira da kwanduna. Na tarar da wani dattijo Basarke yana gyaran koma. Bayan mun gaisa, ya nuna mini kamun daren jiya: ga tarwaɗa, ga karfasa, ga giwan ruwa guda ɗaya. Sai na ce, "Baba, shin ɗan kifi da aka ƙyanƙyashe jiya, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba, me yake ci?" Dattijo ya yi murmushi ya ce, "Yaro, mu dai iyayenmu sun ce ƙurar ruwa yake ci. Allah ba Ya halittar baki Ya hana shi abinci." Ya karɓi goran da ke hannuna, ya ɗibo mini ruwa daga wani lungu mai ciyawa inda ƙananan kifaye ke taruwa.

Da wannan ruwa na nufi Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa, wadda ke nan Sabuwar Busa. Wani malami mai kirki ya tace ruwan da ƙyalle mai laushi, ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashi, ya sa ƙarƙashin madubin likita, ya ce in leƙa.

Kai, jama'a, gani ya kori ji! Ɗigon nan da na ɗauka fanko ne, ashe kasuwa ce ta cika ta batse. Abin da ya fi ɗaukar hankalina wata halitta ce mai kamar tulu, jikinta garau har ana ganin kayan cikinta, a kanta kuma ga wasu abubuwa biyu suna juyawa kamar ƙafar keke. Malamin ya ce sunanta rotifa, kalmar kuwa daga Latin take, ma'anarta mai ɗauke da ƙafar keke. Amma ya ce ido ne ke ruɗuwa, babu abin da ke juyawa. Wasu siraran gashi ne jere a da'ira, suna kaɗawa ɗaya bayan ɗaya da sauri ƙwarai. Da su take iyo, da su kuma take janyo ruwa zuwa bakinta. A cikin maƙogwaronta akwai muƙamuƙi mai ƙarfi, na gan shi yana buɗewa yana rufewa ba hutu, yana niƙa ƙwayoyin gansakuka da ruɓaɓɓen ganye.

Yawancin rotifa ba su kai rabin milimita ba. Duk da haka dabba ce cikakkiya, tana da ƙwaƙwalwa da ciki da hanji, wasu ma har da ɗan jan ɗigo mai gane haske. Masana sun ƙidaya iri fiye da 2,000, galibinsu a ruwan daɗi. Wasu suna yawo a tsakiyar ruwa, wasu suna manne wa ciyawa da 'yan yatsun da ke ƙarshen wutsiyarsu, wasu suna gina wa kansu bututu su zauna ciki, wasu kuma mafarauta ne masu haɗiye 'yan uwansu.

Sha'anin haihuwarsu ya fi kome ban mamaki. Muddin akwai abinci, mata ne kawai a cikin ruwa, kowace tana yin ƙwai ba tare da namiji ba, ƙwan kuma mace yake ƙyanƙyashewa. Rayuwar ɗaya ba ta cika wuce mako ɗaya ko biyu ba, amma a ruwa mai ɗumi yawansu kan ninka cikin kwana ɗaya ko biyu. Sai sun yi cunkoso ko yanayi ya fara sauyawa sa'an nan ake haifar maza, 'yan mitsi-mitsi, yawancinsu ko hanji ba su da shi, gama ba za su daɗe ba. Ƙwan da aka samu ta hanyarsu yana da ɓawo mai kauri. Yakan nutse cikin laka ya kwanta, ko ruwa ya ƙafe ba ya lalacewa, har shekaru.

Akwai kuma wani dangi nasu da ake kira deloyid, masu tafiya kamar matsattsaku, wanda har yau ba a taɓa ganin namijinsu ba. Su idan ruwa ya ƙafe, uwar ce da kanta take dunƙulewa ta bushe kamar ƙwayar ƙura. A shekarar 1702 wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya kankaro busasshen datti daga indararon gidansa, ya zuba masa ruwa, ya ga sun miƙe suna iyo. A 2021 kuwa masana a Rasha suka narkar da daskararriyar ƙasar Sibiriya mai shekara wajen 24,000, suka sami irin wannan halitta ta farfaɗo har ta hayayyafa.

Da na ji haka sai na tuna da kududdufin bayan gidanmu. Da rani ƙasarsa takan tsattsage, yara su yi ta ƙwallo a kai. Damina na sauka, kafin mako biyu ruwan ya yi kore ya cika da rai. Ashe masu gidan ba su tafi ko'ina ba, suna nan kwance cikin laka, wasu kuma iskar hunturu ce ke kwaso su daga wani wuri.

To, ina ruwan mai karatu da wannan 'yar halitta? Ɗan tarwaɗa yakan rayu da gwaiduwar da ke manne a cikinsa har kwana uku. Daga nan dole ya ci abinci, bakinsa kuwa ƙarami ne ainun. Rotifa na cikin abubuwa kaɗan da yake iya haɗiyewa. Gansakuka na samun ƙarfi daga hasken rana, rotifa ta ci gansakuka, ɗan kifi ya ci rotifa, mu kuma mu ci kifi. Shi ya sa masu ƙyanƙyasar kifi kan yi kiwonta a cikin tankuna, suna takin ruwan da kashin kaji, domin su rage dogara ga ƙwan artemiya mai tsada da ake sayowa daga ƙasashen waje.

Har ambaliyar tafkin tana da hannu a wannan al'amari. Sau biyu Kainji ke cika a shekara. Farin ruwa yakan zo da damina, cike da laka. Baƙin ruwa kuwa, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini ya ratso fadamun Mali, sai cikin hunturu yake isowa, ya riga ya tace. Ruwan da ya tace shi hasken rana ke ratsawa. Saboda haka duk wanda ya sare itatuwan bakin kogi har ƙasa ta zaizaye ta turɓune ruwa, ya taɓa abincin ɗan kifi. Haka nan mai zuba guba a ruwa don ya kwashi kifi a yini ɗaya, da manomin da ke wanke tankin feshi a bakin rafi. Guba ba ta zaɓe, babba da ƙarami take kashewa.

Da la'asar na koma na tarar da dattijon nan yana shirin fita. Na ce, "Baba, ƙurar ruwan nan da kuka faɗa, yau na gan ta da idona, tana da baki tana da ciki." Ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya ce, "Ikon Allah! Shekara hamsin ina cin arzikinta ban san kamanninta ba." Ya tura jirginsa ya shiga hazo.

Ina kira ga malaman makarantunmu na sakandare, duk inda akwai madubin likita a kulle cikin kabad, a fito da shi, a aiki yaro ya ɗibo ruwan kududdufi. Yaron da ya ga abin da na gani, da wuya ya girma ya zuba guba a kogi. Allah Ya sa mu gane, amin.