Kakin Kyandir da Ƙafar Gwaggo

Mu mutanen ƙasar Zuru, duk inda ka gan mu, in ka dubi tafin hannunmu da diddigenmu ka san sana'armu. Noma muka gada. A zamanin kakanni, saurayi a cikin Lelna ba ya samun mata sai ya yi golmo, watau noman da a kan yi wa surukai, har shekara bakwai. Matanmu kuwa su ne zuwa rafi, su ne itace, su ne sussuka. Saboda haka da hunturu ya kama sai ka ga ƙafa ta yi kaushi, diddige ya tsage da faso, wani har jini. Maganin da muka tashi muka tarar shi ne a jiƙa ƙafa, a goge da dutse, a shafe ta da man kaɗanya, gama kaɗanya Allah ya hore mana ita a dajinmu.

Ina da 'ya, ba zan faɗi sunanta ba don 'yar fari ce. Da ta gama sakandare ta tafi Kaduna wurin ƙanwar uwarta, ta yi shekara biyu tana koyon gyaran jiki da kitso da ƙunshi. Da ta komo muka kama mata ɗan shago kusa da kasuwa. Cikin kayan da ta zo da su har da wata 'yar tukunyar lantarki mai murfi, cike da wani farin abu sandararre. Na ce, "Wannan fa?" Ta ce, "Kaki ne, Baba, na gyaran hannu da ƙafa." Ni kuwa da na ke ganin babu aiki sai na alƙalami da takarda, sai na yi murmushi na ce a raina, ashe kyandir aka tafi koyo har Kaduna.

To, ban yi ƙarya ƙwarai ba, gama asalinsu ɗaya. Wannan kaki sunansa farafin. Ba na zuma ba ne, daga ɗanyen man fetur a ke tace shi, kamar yadda a ke samun kananzir da kwalta da man basilin. Wani masani Bajamushe, Karl von Reichenbach, shi ya fara fid da shi a 1830. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko, daga 1914 zuwa 1918, likitocin Faransa suka yi ta rufe ƙunar sojoji da wani haɗi na wannan kaki. Daga baya masu gashin ƙashi a asibitoci suka ɗauke shi don ɗumama gaɓoɓin da suka sage, daga wurinsu kuma ya shiga shagunan kwalliya. Wanda a ke tsoma hannu ciki an tace shi sarai, an gauraya shi da wani mai don ya narke ba tare da zafi mai yawa ba.

Ni aka fara yi wa a gidanmu, don yatsuna su kan ƙage da sanyin safiya. Ga yadda ta yi. Ta kunna tukunya tun da hantsi, kaki ya narke ya zama kamar ruwa. Ta sa ma'aunin zafi ta duba, ya nuna digiri 50 da 'yan kai. Jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne, ruwa kuwa a 100 ya ke tafasa. Ta sa na cire zobe, na wanke hannu da sabulu, na tsane shi sarai. Ta juya hannun gaba da baya tana neman ciwo ko ƙurji. Ta ɗiga kakin a wuyan hannunta, sa'an nan a nawa. Kana ta ce in buɗe yatsu in tsoma, in fitar, in jira ya daskare, in sake, har sau bakwai, kada in motsa yatsun don kada ya tsage. Sai ga hannuna cikin farar safa mai kauri. Ta sa shi a leda, ta naɗe da tawul, na zauna minti 15. Da ta ɓare, sai ya fita kamar ɓawon ayaba, ta jefa a kwandon shara, ta ce wanda ya taɓa jikin wani ba ya komawa tukunya. Na dubi hannuna, ya yi laushi kamar na jariri, yatsun kuma sun saki. Ta ce kakin ya kan tsare ɗumi da damshi ne a fata, kuma kada in ɗauka na warke, sauƙi ne na ɗan lokaci.

Nan da nan na tuna da Gwaggo. Yayar mahaifina ce, ita ta goye ni bayan rasuwar uwata, ita ta kai ni makarantar allo da hannunta. Tana zaune a wani ƙauye wajen Dabai, ta haura saba'in, diddigenta kuwa ya tsattsage kamar fadama da rani. A hunturun 2023 na aika mata cewa jikarta ta kawo maganin faso daga Kaduna. Kafin in je ɗaukarta duk ƙauyen sun ji.

Muka iso shago, yarinya ta durƙusa ta gaishe ta. Gwaggo ta ce, "Kishiya, yau ke za ki yi mini kwalliya in ƙwace miki miji?" Ta ce, "Kaka, in kin iya ki ƙwace." Ta wanke mata ƙafa a daro, ta ɗora a cinyarta, ta daɗe tana dubawa. Sai na ga dariyarta ta ɗauke. Ta ce Gwaggo ta rufe ido, in ta ji an taɓa ta ta ce i. Ta taɓa babbar yatsa a hankali, shiru. Ta taɓa ta tsakiya, shiru. Ta taɓa 'yar ƙarama, Gwaggo ta ce, "To, ki fara mana." Yarinya ta tambaye ta ko tana yawan jin ƙishirwa da yawan fita fitsari da dare. Ta ce ai ta daɗe da haka, tsufa ne.

Sai ta ja ni waje, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba zan sa ƙafar Kaka a kaki ba. Ba ta jin taɓi, kuma akwai faso guda mai zurfi da ke ruwa. A kai ta asibiti a auna jininta."

Kai, ran nan na yi fushi. Na ce mata na biya kuɗin mota, na tara wa tsohuwa mutane, yanzu in mai da ita da fasonta? Na ce yaushe aka haife ta da za ta koya mini abin da ya dace da uwar da ta rene ni? Na faɗi waɗansu maganganu kuma da ba zan rubuta su a nan ba. Ba ta tanka ba, sai hawaye, amma ba ta kunna tukunyar ba.

Da magariba na biya kanti na sayi kwalin kyandir. Na ce abin da yarinya ta iya ba zai gagari akawu ba. Na kakkarya su cikin gwangwanin madara, na ɗora a murhu, Gwaggo na zaune a tabarma ta miƙe ƙafa tana jira. Kaki ya narke, ya kwanta lumui, ba tafasa, ba tururi. Saura kaɗan in juye a kwano in kai mata, sai Allah ya sa na tuna yadda yarinyar ta fara gwadawa a jikinta. Na tsoma yatsata. Ban san sa'ad da na yi ƙara na yi tsalle ba. Abin ya manne, ya ƙi fita, kafin a kawo ruwa fata ta sale. Na yi kwana 10 ban riƙe alƙalami ba.

Daren nan ban yi barci ba, kuma ba zogi kaɗai ya hana ni ba. Ni da na ji zafi na fizge hannuna. Gwaggo fa? Da sai ta bar ƙafarta a ciki tana yi mini hira tana sa mini albarka, har ta dahu. Daga baya na fahimci dalilin. Ruwa in ya yi zafi ya kan yi gargaɗi da tafasa, amma kaki ba ya tafasa sai ya wuce digiri 300, saboda haka ido ba ya gane zafinsa. In ya daɗe a wuta ya kan kama da kansa, in an watsa masa ruwa kuma sai wutar ta yi sama. Wannan ya sa tukunyar shago ta ke da abin da ke tsai da zafinta a wuri guda.

Da gari ya waye muka tafi asibiti, ni da yatsata a naɗe, ita da ƙafarta. Aka auna ta, aka ce ciwon sukari ne, kuma ya daɗe. Malamin asibiti ya bayyana mini cewa sukari in ya yi yawa cikin jini shekara da shekaru ya kan kashe jijiyoyin ji na ƙafa, ya kuma rage gudun jini, har ƙaramin ciwo ya ƙi warkewa. Ya ce ƙuna ɗaya a irin wannan ƙafa ta kan kai ga yankewa. Aka ɗora ta a kan magani, aka yi ta wanke fason, bayan 'yan makonni ya rufe.

Uba ba ya durƙusa wa 'yarsa, amma akwai hanya. Na je shagon na zauna a benci, na ajiye hannuna inda za ta gani. Ta dube shi, ta kau da kai, ta kawo mini ruwa. Na ce ta ba ni takardar da ta zo tare da tukunyar. Na karanta, ga shi kuwa a rubuce: kada a yi wa mai ciwon sukari, ko wanda ba ya jin taɓi, ko mai buɗaɗɗen ciwo, ko mai ƙuraje, ko wanda jini ba ya gudu sosai a ƙafarsa. Ni mai tinƙaho da karatu ban taɓa neman takardar ba, ita kuwa ta haddace ta.

Ya ku 'yan'uwana da kuka yi yaƙi da jahilci kuka ci nasara, ga inda karatunku zai yi muku rana. Duk abin da za a sa a jikinku, ko na tsofaffinku, ku nemi takardarsa ku karanta, ko da a hankali ne. In kun shiga shago kun ga mai aiki ba ta duba fata, ba ta tambaya, ba ta da ma'auni, ku ɗauki takalmanku. In kuwa ta ce ba za ta yi muku ba, kada ku yi irin nawa, gama ta bar kuɗinta ne don lafiyarku.

Gwaggo tana gidana yanzu. Kowane dare in an rufe shago, jikarta ta kan zo ta duba tafin ƙafarta da fitila, ta shafe ta da man kaɗanya, ban da tsakanin yatsu, ta tabbata takalmi na kusa da gado. Tsohuwa kuwa har yau cewa ta ke yi kishi ne ya hana a yi mata kwalliyar Kaduna. Mu kan yi dariya mu bar ta a haka. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.